Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa: Abin da Shekara Guda a Landan ta Ƙara Masa

An haifi marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, cikin ƙasar Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ba basarake ba ne, yaron hakimi ne. Abubakar ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fita a 1933, ya koma Midil ta Bauchi yana koyarwa, har ya zama shugabanta. Tun yana saurayi ya rubuta littafin nan Shaihu Umar.

A zamanin nan, malamin makaranta komai iliminsa, idan ya zo gaban Sarki ko Razdan, sai ya durƙusa, ya ji abin da aka ce, ya tashi. Ba a saba jin ɗan talaka ya faɗi ra'ayinsa kan sha'anin mulki ba.

A 1945 aka tura shi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, yana cikin malaman Arewa na farko da suka sami wannan dama. Ya tarar an gama Yaƙin Duniya na Biyu ke nan, gidaje a rushe, abinci sai da kati. Turawan da a gida ake wa kallon wasu halittu daban, sai ga su suna sharar titi, suna dako, suna bin layi kamar kowa. Ya kuma ga talaka yana sukar hukuma a fili ba fargaba, amma yana bin doka ba sai an tsaya kansa da bulala ba. Daga nan ya tabbata lalle Bature mutum ne kamarsa, kuma faɗin gaskiya ba rashin ladabi ba ne.

Da ya komo a 1946 ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa. A watan Agusta na 1950 ya miƙe a majalisar a Kaduna, ya kawo shawara a binciki mulkin En'e a gyara shi, domin a daina cin hanci, talakawa kuma su sami bakin magana. Ran sarakuna da yawa ya ɓaci, kuma shi kansa ma'aikacin En'en Bauchi ne, watau abincinsa ya sa a caca. Duk da haka majalisa ta amince, aka yi binciken, aka kuma bi shi da gyare-gyare.

Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, Firayim Minista a 1957. Ran 7 ga Oktoba 1960 ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya da babbar rigarsa da hularsa, ya yi jawabi cikin natsuwa da sunan Nijeriya. An kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966, aka binne shi a Bauchi.

To, ɗalibai da ma'aikatan da ke shirin fita ƙetare, su lura. Tafiya mabuɗin ilmi ce, amma wasu girman kai kaɗai suke ɗauko wa mutanensu tsaraba. Shi kuwa Abubakar bai bar salla ba, bai bar shigar gida ba, bai raina na ƙasa da shi ba. Tsoron mutum kawai ya baro a Landan.