Sarki Sejong, wanda ya bai wa talakan Koriya haruffa

Duk mai yawon buɗe ido da ya nufi fadar Gyeongbokgung a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, zai tarar da mutum-mutumin Sarki Sejong a dandalin ƙofarta.

An haife shi a 1397, ya hau gadon sarauta a 1418. A zamaninsa da haruffan Sin ake rubutu, sai ƴaƴan manya ke iya su, talaka ko kokensa ba ya iya rubutawa. A 1443 Sejong ya ƙirƙiro haruffa 28 masu sauƙin koyo, ya ƙaddamar da su a 1446 duk da adawar wasu malaman fadarsa. Ya rasu a 1450.

Da 24 daga cikinsu, wato Hangul, Koriyawa ke rubutu yau. A 1989 UNESCO ta kafa lambar yabon yaƙi da jahilci da sunansa.