Likita Mila na Zariya: Baƙon da Ya Zama Mai Masauki

Ga labarin wani mutum wanda ya ɗanɗana baƙunci, saboda haka bai rufe ƙofarsa ga baƙo ba.

An haifi Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila, a ƙasar Ingila cikin shekara ta 1872. Da ya gama koyon aikin likita a Landan, sai ya ba da kansa ga aikin Bishara, ya tafi Tarabulus domin ya koyi Hausa wurin Hausawan da ke zaune can. A nan ya gamu da wani yaro Bakatsine, Abdul Majid, wanda ubansa ya rasu a kan hanyar Makka. Likita ya karɓe shi, ya ci da shi, shi kuwa yaron ya gyara masa harshe. Tun daga farko ke nan, baƙon da ya saukar ya zama malaminsa.

Cikin 1900 ya isa Kano tare da Bishof Tugwell da waɗansu abokan tafiya. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya umarce su su fita. Suka koma Girku cikin ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya mutu. Sai a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Likita ya sami wurin zama cikin birnin Zariya. Ya buɗe ɗakin magani da makaranta, gidansa ya cika da yara, waɗansu marayu ne, waɗansu 'yantattun bayi. Ya kira su 'ya'yansa.

Amma baƙin da suka fi zama abin tunawa sun zo a 1913. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi akwai wani Malam Ibrahim wanda ya yi zurfin bincike a kan Annabi Isa, ya tara almajirai. Aka kashe shi a kasuwar Kano, mutanensa suka watse, da yawa suka nufi ƙasar Ningi. Su ne ake ce wa Isawa. Shekaru suka wuce suna riƙe da abin da malaminsu ya bar musu, har biyu daga cikinsu suka iso ƙofar Likita, suna neman ƙarin haske. Ba su da wasiƙa a hannu, ba su da wanda ya san su. Bai sallame su ba. Ya saukar da su, ya saurare su, ya karanta musu Linjila da harshensu, kāna ya aika a nemo 'yan'uwansu.

Daga nan aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, mutane da yawa suka mutu, aka kwaso yaran da suka ragu zuwa Zariya. Wannan babban baƙin ciki ne, amma iri bai hallaka ba. Da aka ƙaura zuwa Wusasa wajen 1929, zuriyar waɗannan baƙi tana cikin ginshiƙan ikilisiya. Daga wannan jama'a aka sami Barau Dikko, likita na fari ɗan Arewa, da Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma, wanda Likita ya sha wahalar juya shi tare da abokan aiki, ya fito a 1932.

Kada a zaci mutum ne marar aibi. Yana da kaifin harshe, ya sha saɓawa da hukuman Turawa, har da abokan aikinsa. Duk da haka Allah ya yi aiki ta wurin buɗaɗɗiyar ƙofarsa. Ya rasu a Bukuru cikin 1952, a ƙasar da ya shigo yana baƙo.

To, ɗan'uwa, kai ma jiya baƙo ne cikin jama'ar Almasihu. Ka tuna da ranar da ka fara tsayawa a bakin majami'a, zuciyarka tana ɗar-ɗar. Ko a Gwadangaji kake, ko Birnin Kebbi, ko Argungu, baƙi ba su yankewa: ɗan kasuwa, masunci, ɗan makaranta, da wanda danginsa suka juya masa baya. Ka tashi ka gaishe shi tun bai nemi wurin zama ba. Ka tambayi sunansa kafin ka tambayi kabilarsa. Ka ba shi ruwa, ka kai shi gida ya ci tuwo, ka yi masa rakiya. In ba ka da kome, mutanen dā sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ubangijinmu ya koya mana cikin Matta sura 25 cewa abin da aka yi wa baƙo, shi aka yi wa. Allah ya ba mu ikon aikatawa. Amin.