Babafemi Ogundipe: Birgediyan da Mulki Ya Tsallake

An haifi Babafemi Ogundipe a Ago-Iwoye a 1924, ya kuma yi yaƙin Burma kafin ya kai muƙamin birgediya. Da aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi ranar 29 ga Yuli, 1966, shi ne hafsa mafi girma a sojan Najeriya, amma sojojin Arewa masu bore suka ƙi bin umarninsa. Mulki ya faɗa hannun Laftanar-Kanar Yakubu Gowon, wanda ke ƙasa da shi. Ojukwu ya ƙi amincewa da wannan tsallake, saɓanin da ya taimaka wajen share fagen yaƙin basasa a 1967. Ogundipe ya zama jakadan Najeriya a Birtaniya, ya rasu a Landan a 1971.