Abdussalami: Almajirin Shehu da ya yi wa Sakkwato tawaye

A farkon shekarar 1818 ne Malam Abdussalami ɗan Ibrahim ya rasu a garin Bakura da ke ƙasar Zamfara, sakamakon raunin kibiya da ya samu lokacin da dakarun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka ci garinsa na Kware.

Shekaru 14 kafin nan, harin da aka kai wa jama'arsa ne ya zama sanadin ɓarkewar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Abdussalami Ba'are ne, kuma yana cikin manyan almajiran Shehu a Degel. Yana kuma daga cikin jagorori ƙalilan na wannan jama'a da ba Fulani ba.

Lokacin da Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokokin hana wa'azi, da ɗaura rawani, da lulluɓin mata, sai Abdussalami ya kwashi mutanensa ya bar Gobir, ya zauna a Gimbana cikin ƙasar Kabi.

Harin Gimbana

A ƙarshen 1803, Sarkin Gobir Yunfa ya aika da runduna ta faɗa wa Gimbana, aka kashe mutane, aka kama wasu.

Da aka zo wucewa da kamammun ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka tare hanya suka ƙwace su. Wannan ya ƙara dagula dangantaka tsakanin Shehu da fadar Alƙalawa, har ta kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804.

An yi yaƙe-yaƙen jihadi da Abdussalami da jama'arsa, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808.

Sai dai da aka zo rabon ƙasa, inda yamma ta koma hannun Abdullahi ɗan Fodiyo, gabas kuma hannun Bello, abin da ya samu shi ne 'yan garuruwa a yankin Sabiyal, ƙarƙashin Abdullahi. Ya ga rabon bai kai wahalar da ya sha ba.

Daga baya aka dawo da shi Kware, arewa da Sakkwato. Ya kewaye garin da ganuwa, jama'a suka yi ta kwarara zuwa wurinsa.

Saɓani da Bello

Bayan rasuwar Shehu a watan Afrilun 1817, Abdussalami ya yi wa Bello mubaya'a, amma zaman bai ɗore ba.

Bello ya zarge shi da hulɗa da abokan gaba, da ba masu tawaye mafaka. Shi kuma ya aika da wasiƙu yana kukan cewa zalunci ya yi yawa, kuma dangi sun raba ƙasa tsakaninsu, sun bar waɗanda aka faro gwagwarmaya da su.

Da wasiƙu suka kasa kashe wutar, Bello ya yanke hukuncin cewa mai taimakon kafirai a kan Musulmi ya fita daga addini, aka kewaye Kware da yaƙi har ta faɗi.

Mabiyansa da suka tsira sun taru a Kalambaina, suka ci gaba da turjiya. Bello ya kai wa baffansa Abdullahi ɗauki aka ci garin, kuma a nan ne mutanen biyu suka daidaita bayan saɓanin da ya biyo bayan gadon Shehu.

Yadda tarihi ke kallonsa

Mafi yawan abin da aka sani game da rikicin ya fito ne daga littafin Sardul Kalami, wanda Bello da kansa ya rubuta, ya kuma sanya wasiƙun Abdussalami a ciki. Ke nan muryarsa ta iso ga na baya ne ta alƙalamin wanda ya yaƙe shi.

Wasu masana na kallonsa a matsayin wanda ya warware alkawari a lokacin da daula ke tangal-tangal. Wasu kuma na ganin ya faɗi abin da ke zukatan Hausawa da dama da suka yi jihadi amma ba su samu muƙami ba.

Ɗansa Buhari ya yi biyayya ga Gwandu, ya kafa garin Jega da ke jihar Kebbi a yau, inda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega.