Hari Rid da girgizar ƙasa

An haifi Hari Rid a birnin Baltimo, cikin ƙasar Amurka, a shekara ta 1859. Ya yi karatu a jami'ar garinsu, daga baya kuma ya zama malami a can. Da fari ba ruwansa da girgizar ƙasa. Ƙanƙara ce ta ɗauke masa hankali. A 1890 da 1892 ya tafi Alaska, ƙasa mai tsananin sanyi, inda ƙanƙara take taruwa cikin kwari, tana gangarawa sannu sannu kamar kogi. A can ya saba da auna motsin da ido ba ya gani.

Ran 18 ga Afrilu 1906, da asuba, ƙasa ta girgiza a birnin San Faransisko. Gidaje suka rushe, gobara ta tashi, ta yi kwana 3 tana ci. Mutane fiye da 3000 suka mutu. Hukuma ta tara masana su binciki abin da ya faru, Rid yana cikinsu.

Kusa da birnin akwai wata doguwar tsaga cikin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, ana ce da ita San Andireyas. Ran nan ta motsa tsawon kilometir 470 da wani abu. Duk shingen gona ko hanyar da ta ratsa tsagar ta rabu biyu. A wani wuri rabin hanya ya goce wa ɗaya rabin da wajen metir 6! A zamanin nan mutane da yawa suna tsammani girgiza ce take tsaga ƙasa.

Rid bai yi gaggawa ba. Ya ɗauko tsofaffin takardun ma'aikatan awon ƙasa, ya gwada su da sabon awon da aka yi bayan girgizar. Sai ya ga ashe ƙasar da ke gabas da tsagar da wadda ke yamma sun daɗe suna goce wa juna, wajen metir 3 cikin shekara 50, ba wanda ya sani. Bakin tsagar ne kawai ya cije, ya ƙi motsi.

Ga abin da ya gane. In yaro ya kama ɗanyen reshe yana tanƙwara shi, reshen yakan jure, ya yi ta jurewa, sa'an nan ya karye farat ɗaya, guntayen su miƙe suna karkarwa. Haka dutse yake. Yana tanƙwaruwa shekara da shekaru, ƙarfi yana taruwa cikinsa. Ran da ya kasa jurewa sai tsagar ta kubce, ƙarfin ya fita gaba ɗaya. Fitar nan ita ce girgiza. Rid ya buga wannan bayani a 1910.

Ya sa rai in ana auna tanƙwarar dutse a kai a kai, za a san lokacin da girgiza ta yi kusa, a ceci mutane. Ya rasu a 1944, bai ga haka ba. Bai kuma san abin da ke tura ƙasar ba. Sai wajen 1965 masana suka fahimta cewa ɓawon duniya a rarrabe yake, manyan ɓarayinsa suna tafiya ƴan santimetir a shekara.

A 1967 Barij da Nofof, waɗansu masana biyu, suka jera ƴan tubala haɗe da sifirin, suna jan su bisa wuri mai kaushi. Tubalan sukan cije, su kubce. Suka kuma sa kwamfuta ta yi lissafin motsinsu. Yau kwamfuta tana raba tsaga gida gida, tana lissafa ƙarfin da ya taru a kowane gida, da inda zai koma in wani ya kubce. Da haka ake sanin garuruwan da ya kamata su ƙarfafa gininsu.

Ranar girgiza kuwa har yanzu ta gagara faɗi. A 1985 masana sun ce tsagar San Andireyas za ta motsa a ƙauyen Fakfil kafin 1993. Aka kafa na'urori, aka yi ta jira. Ba ta motsa ba sai 2004.