Marigayiya Dakta Ladi Kwali: Maginiyar da Ta Buɗe wa Mata Ƙofar Ma'aikata

Duk ɗan Suleja da ya juya takardar naira 20 zai ga hoton wata baiwar Allah tana gina tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, wadda ta yi rayuwar aikinta a garinmu tun yana amsa sunan Abuja.

An haife ta a Kwali, ƙasar Gbagyi, wajen shekarar 1925. Ba ta yi karatun boko ba. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane a hannun wata daga cikin iyayenta mata, domin a can sana'ar mata ce tun kaka da kakanni. Randunanta da tulunanta, masu zanen kunama, ƙadangare, kada da kifi, sun yi suna har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya riƙa tara su a fada. A nan ne Baturen nan Michael Cardew ya gan su a 1950.

Sai dai ga abin lura. Da gwamnati ta buɗe Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane a garin nan ƙarƙashin Cardew, aka kawo na'urar juya yumɓu da murhun gashi na zamani, ga kuma albashi, maza zalla aka fara ɗauka. Sana'ar da mata suka raya shekara da shekaru ba tare da kowa ya yi musu tayin komai ba, ranar da ta zama aikin gwamnati sai ta koma ta maza. Sai a 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko.

Ba ta yi wata-wata ba ta laƙanci aiki da na'ura, amma ba ta yar da ginin hannu irin na iyayenta ba. Randunan nan nata, da aka shafe da sinadarin ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani, su suka ɗaga sunan cibiyar. An baje su a Landan a 1958, 1959 da 1962, kuma a 1972 ta zagaya Amurka tana nuna gwanintarta. Bayanta wasu mata suka samu shiga, irin su Halima Audu, Lami Toto, Asibi Ido da Kande Ushafa.

A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta, a 1980 ta karɓi lambar yabo ta ƙasa ta NNOM, a 1981 kuma ta OON. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, an kuma sanya wa cibiyar sunanta.

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, da yawanku yau ku ke ɗaukar ma'aikata, ku ke sa hannu a takardar ƙarin girma. Har yanzu mata ke surfe da tatsar mai da saƙa a ƙauyukanmu, amma da zarar an kafa injin, sai a nemo namiji a ɗora a kai. Da an bar ƙofar nan a rufe a 1954, asarar ba ta Ladi kaɗai ba ce, ta ƙasa ce baki ɗaya. In 'yar wani ta zo gabanku neman aiki, ku auna ta da aikin hannunta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.