Jonathan Hutchinson: Likitan da Ya Gane Tunjere a Haƙoran Yara

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan fitowar na zaɓo muku wani likitan Ingila, Jonathan Hutchinson. An haife shi a garin Selby a 1828, ya rasu a 1913. Abin da ya ja ni gare shi shi ne, a lokacin da ya yi aikinsa babu gwajin jini na ciwon tunjere, ba a ma san ƙwayar cutar ba sai a 1905. Ido da haƙuri kawai yake da su.

A Landan ya yi aiki a asibitin ido na Moorfields da asibitin fata da kuma asibitin London. Yawan ganin yara ya sa ya lura cewa waɗanda suka ɗauki tunjere tun a cikin mahaifiya sukan taso da alamomi uku: haƙoran gaba na sama na dindindin su fito a tsuke da ɗan gibi kamar jinjirin wata, ido ya yi hazo, kunne ya kurumce. A 1863 ya fitar da littafi kan haka. Har yau likitoci da sunansa suke kiran waɗannan alamomi.

Amma fa ku lura, waɗannan alamomin sai yaro ya girma suke bayyana, bayan ɓarna ta riga ta auku. A jariri kuwa, abin dubawa shi ne majina mai yawa, wani lokaci har da jini, ƙuraje da saɓar fata a tafin hannu da na ƙafa, da kumburin hanta da saifa. Da yawa kuma lafiya lau ake haihuwarsu, sai daga baya.

Mutumin bai tsira daga kuskure ba. Har ya mutu yana ganin cin ruɓaɓɓen kifi ne ke kawo kuturta, alhali ba haka ba ne. An ba shi lambar girma ta Sir a 1908.

To mu yanzu wane uzuri gare mu? Gwajin jini a wajen awon ciki yana gano cutar, allurar penisilin kuma tana warkar da uwa, ta kare ɗan da ke cikinta. Masu aure a cikinmu, don Allah kada kunya ta hana ku zuwa, miji da mata a yi gwajin tare.